Kasuwar da Na Ɗauko daga Ingila

Rogo, ranar Lahadi da hantsi.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya a gidan kawunka a Kano. Allah Ya tsare ka a tudu, Ya tsare ka a ruwa, Ya kai ka inda za ka, Ya komo mana da kai da imaninka da hankalinka. Ka gaishe min da kawunka da iyalinsa. Innarka tana gaishe ka. Ta ce in gaya maka dambun naman yana can ƙasan akwati, cikin gwangwanin da ta naɗe da tsohon zane.

Ba labarin gida zan ba ka ba. Abu ɗaya ne ya sa na ɗauki alƙalami. Jiya na je Karaye, a can na ji cewa shawarar da ka rubuta wa Di'o, Baturen mulki, ta samu shiga. Ranar Alhamis mai zuwa za a turo 'yan doka su tashi tsohuwar kasuwar Gindin Ɗinya, su kora kowa zuwa rumfunan kan tudu. Jirginka na Ikko ranar Laraba zai tashi. Wato sa'ad da za a ɗaga kulki a kan mutanenmu, kai kana zaune a bakin taga ka yi nisa. Ina so ka je ofishin Di'o kafin Laraba, ka ce ka janye shawararka, ko a dakata har ka dawo. Kai ka rubuta ta, kai za a saurara. Ni ba a neman ra'ayina kan kasuwar nan tun da daɗewa, ka kuwa san dalili.

Na san domina ka yi. Ni na gina rumfunan nan, ni ake yi wa dariya, kai kuma ka tashi kana jin dariyar. To bari in gaya maka yadda aka yi na gina su, tunda garin da za a kai ku kwas a Ingila shi ne wanda aka kai mu shekarun baya, kuma daga can na ɗauko su.

Sunan garin yana karya harshe, shi ya sa muka riƙa ce masa Garin Gada. A kwari yake, tsakanin tuddai marasa tsawo waɗanda ciyawarsu ba ta bushewa, tumaki sun watsu a kansu kamar an shanya auduga. Kogi ya ratsa gindin garin. Bai fi ƙoramarmu ta damina faɗi ba, sai dai shi ba ya ƙafewa. A kansa akwai gadar dutse, tsohuwa ƙwarai, har tsakiyar duwatsun ya lotsa saboda kofato da ƙafar keken doki. In ka haye gadar sai ka faɗa babban titi, wanda yake siriri a farko, ya kumbura a tsakiya kamar cikin tulu, ya sake tsukewa a ƙarshe. Wannan kumburin shi ne kasuwarsu. An ce tun kafin a yi gadar, nan ne kaɗai mashigin da garken tumaki ke iya hayewa, sai makiyayan tuddai da manoman kwari suka riƙa haɗuwa a wurin, kowa na jiran ruwa ya sauka. Jira ya zama ciniki, ciniki ya zama gari. Majami'arsu mai doguwar hasumiya da kuɗin ulu aka gina ta, haka ma gidajen dutsen da ke kewaye da kasuwar. Mutanen garin masu hali ne, amma ba za ka gane ba. Za ka ga tsoho da kwat mai faci a gwiwar hannu yana jingine da shingen shanu ranar gwanjo, ya ɗan ɗaga gira kawai, ashe ya sayi bijimi ke nan. Ba su da yawan magana, ba sa son a hanzarta su, kuma abin da kakanninsu suka ajiye a wuri ba sa ɗaga shi sai sun daɗe suna zagaya shi.

Kuskurena na farko a masauki na yi shi. Da muka isa, aka rarraba mu gidajen mutanen gari. Ni aka kai ni gidan wani Mista Tomas, babban mutum mai jan fuska da ƙaton hannu. Da safe na sauko daga bene sai na tarar da shi a shagon da ke ƙasa, ya ɗaura ƙyalle a gaba yana sarar ƙashi. Mahauci ne. Abba, raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, ni malamin En'e, wanda ya yi makarantar Midil ya wuce gaba, an rasa inda za a sauke ni sai gidan fawa? Na fake da maganar alade, alhali matarsa tun ranar farko ta ware min tukunya da faranti, kifi da ƙwai take dafa min, har ta tambaye ni wace kusurwa nake fuskanta in zan yi salla don ta janye kujera. Duk da haka na kai ƙara, aka mai da ni gidan wani tsohon malamin makaranta. Ranar da zan tashi Mista Tomas da kansa ya ɗaukar min akwati har ƙofa, ya ce in ina bukatar wani abu na san inda yake. Ban ko dube shi sosai ba.

Bayan 'yan makonni aka kai mu kallon zaman majalisar garin. Aka ce mu miƙe, shugaba zai shigo. Sai ga Mista Tomas da sarƙar sarauta a wuya. Shi ne magajin garin a wannan shekarar, kuma shi ne mai faɗa a ji kan sha'anin kasuwa tun kafin nan. Ashe girmama ni aka yi da aka sauke ni a gidansa, tunda an san harkar kasuwa na zo koyo. Ya hango ni, ya gyaɗa min kai, ya ci gaba da aikinsa. Har na bar ƙasar kunya ba ta bar ni na koma shagonsa ba, sai in tsallaka titi in na zo wucewa.

Saboda haka, duk gidan da aka sauke ka, ka zauna. Abin da addininka ya hana ka faɗe shi a fili da ladabi, za su kiyaye. Amma kada ka sa addini ya zama mayafin girman kai, don kai ka san wanne ne yake magana a cikinka, ko da wani bai sani ba.

Kuskure na biyu a kallo yake. Ka san ni da rubuta abin da na yi kowace rana. Na ɗauko littattafan wancan lokaci na duba kafin in fara wannan takarda, na ga na cika shafuka da faɗin rumfa, da yadda aka jera su, da magudanar ruwa, da agogon da ke kan zauren hatsi, da ƙararrawar da ake bugawa a buɗe kasuwa. Har hasumiya na hau na zana garin daga sama. Ban tambayi kowa me ya sa kasuwar take kwance a wuri mafi damshi a garin ba. Kogin nan yana cika ya shigo titi. A bangon wani tsohon masaukin baƙi kusa da gada za ka ga zane-zane a jikin dutse, kowane yana nuna inda ruwa ya kai a wata shekara, wani ya wuce kafaɗata. Tashar jirgin ƙasansu kuwa tana can kan tudu, busasshen wuri mai fili, sai ka yi 'yar tafiya kafin ka kai. Kusa da tashar akwai wani ƙaton gini na jan bulo, tagoginsa sun farfashe, tantabaru sun cika shi. Na tambayi tsohon malamin da nake gidansa, ya ce zamanin kakansa, da jirgi ya zo, aka gina shi don kasuwa ta koma can. Manoma suka je sau ɗaya suka gani, suka yaba, mako na gaba suka koma bakin gada. Daga baya majalisa ta haƙura, ta ɗaga ƙasan tsohuwar kasuwar da dutse, ta haƙa mata magudana. Na ji wannan da kunnena. Abin da na rubuta a littafina a ranar shi ne na ga wani tsohon sito kusa da tasha.

In ka je, kada ka fara hawa hasumiya. Ka tashi da sassafe ranar kasuwa ka tsaya a kan gada, ka ga ta ina dabbobi suke shigowa, ina suke shan ruwa, ina matan ƙauye suke sauke kwandunan ƙwai su huta. Daga nan ka hau tudu ka dubi gidan tantabarun. Ka daɗe kana dubansa.

Na dawo gida da zanena a naɗe cikin gora. A lokacin ana gyara hanyar mota, Di'on wancan zamani yana son a ga ci gaba, ni kuma ina son a ga ni. Na dubi Gindin Ɗinya da idon wanda ya dawo daga Turai: rumfunan kara a karkace, laka da damina, ƙuda a kan nama, ba layi ba tsari. Na dubi tudun marmara da ke bakin sabuwar hanya na ga wuri busasshe mai fili. Ban ga cewa burtalin shanu ta gindin ɗinyoyin ya bi ba, ko cewa rijiyoyi da mashaya suna wurin, ko cewa masu zuwa a ƙasa daga wajen Fulatan da Zoza da Beli a nan hanyoyinsu suke haɗuwa, a inuwa. Na san duk wannan tun ina yaro, a kasuwar nan kakarka take sayar da daddawa. Sani ne da ban taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba, don ba a aji na koye shi ba.

Na tara dattawa na shimfiɗa musu zane. Suka duba, suka ce, “To madalla. Yadda ka gani, Malam.” Na rubuta wa Di'o cewa jama'a sun amince. Ni Bahaushe ɗan Bahaushe, da na san in dattijo ya ce maka yadda ka gani ya zare hannunsa ke nan, na zaɓi in ji maganar da kunnen baƙo don ta yi min daidai. Wannan shi ne kuskure na uku. Turawan can ma za su yi maka irin wannan, su saurare ka da murmushi, su gode maka, ba su yarda da ko kalma ɗaya ba. Kada ka ƙirga shiru cikin goyon baya, a can ko a nan.

Na huɗu ya fi su duka. Kowa a ƙasar nan ya san kasuwa ba ta tsayuwa sai mahauta sun yi yanka a cikinta. Hayaƙin tsire ne yake gaya wa mai wucewa cewa yau wuri ya ci. Na je gidajen manyan masu sayen gyaɗa ɗaya bayan ɗaya, na zauna, na sha furarsu. Sarkin Fawa kuwa masinja na aika masa, a gaya masa ranar kaza ya kawo shanunsa kan tudu. Abin da na yi wa Mista Tomas shi na maimaita, ban ko lura ba. Masinja ya dawo ya ce, Sarkin Fawa ya ce a gaya wa Malam sun ji.

Ranar buɗewa kana ƙarami, amma ka je, kana riƙe da gefen rigata. Rumfuna a jere, kwano yana ƙyalli, makaɗa suna kiɗa, Di'o ya yi jawabi na fassara. Har rana ta take ba a yanka ko ɗan akuya ba. Sai muka hango hayaƙi yana tashi daga kwari, ta cikin ɗinyoyi. Masu nono ne suka fara ɗaukar ƙoransu, sai masu hatsi, sai 'yan koli. Ba wanda ya yi gardama, kowa sai ya gaishe ni da ladabi sannan ya gangara. Kafin la'asar daga ni sai masu sikelin gyaɗa, su ma don motoci a nan suke tsayawa. Tun daga ranar rumfunan nan ba sa cika sai lokacin cinikin gyaɗa. Sauran shekara awaki ne suke kwana a ciki. Mutane suka sa wa wurin suna Ingila. Ka sha jin mace tana ce wa 'yarta ta je Ingila ta koro akuya kafin magariba.

Akwai kuskuren da na yi maka kai kanka, shi ne ya kai mu inda muke yau. Ranar da ka fasa wa ɗan wani dillali baki a Karaye don ya ce maka ɗan Sarkin Ingila, na yi maka faɗa a gaban mutane, amma a cikina daɗi na ji, kuma ina jin ka gani a fuskata. Ban taɓa zaunar da kai na ce maka ni ne ban yi daidai ba. Na bar ka ka girma kana zaton ubanka mutum ne da jahilai suka ƙi fahimta. Yanzu ka samu kujera da alƙalami, ka tashi rama min abin da ba a yi min ba.

Ba na cewa duk abin da ka rubuta ba gaskiya ba ne. Na karanta kwafin da ka bari a gida sau da yawa, har na riƙa jin ko kai ne da gaskiya ni tsufa ne ya sa na karaya. Ruwa yana cin tsohuwar kasuwar da damina, haka ne. Ba mai duba naman da ake yankawa, haka ne. Sarkin Fawa mutum ne mai taurin kai da riƙo, yana jin daɗin yadda ba mai iko da wurin sai shi, wannan ma haka ne. Amma duk waɗannan ana gyara su a inda kasuwar take, a cike ƙasa, a haƙa lambatu, a yi dakalin yanka da siminti, kamar yadda mutanen Garin Gada suka yi. Kulki ba ya cikin maganinsu.

Da na baro Karaye jiya ban zo gida ba, na zarce gidan Sarkin Fawa. Tun ranar masinjan nan ban taka ƙofarsa ba. Na tarar da shi a zaure yana wasa wuƙa, ya tsufa, idonsa ɗaya ya yi fari. Na yi sallama, ya amsa, ya dube ni daga hula har takalmi.

“Malam, ɓatan hanya ka yi? Ingila tana can sama.”

Na ce gaisuwa na zo. Ya ce gaisuwar ta daɗe a hanya, da jirgin ruwa ta taho ke nan. Yaransa da ke zaune suka yi dariya, ni ma na yi. Ya sa aka shimfiɗa min buzu, aka kawo ruwa. Muka gaisa sosai, ya tambayi Innarka, ya tambaye ka, ya ce ya ji za ka ƙetare, Allah Ya kiyaye hanya. Sannan na gaya masa abin da na ji. Ashe ya riga ni ji. Ya kori yaran waje, ya ajiye wuƙar a gefe.

“Ni ba zan ɗaga wa kowa hannu ba, Malam, na wuce nan. In an ce in tashi zan tashi. Amma ka ga samarin nan da suka fita? Kowannensu da wuƙa yake zuwa kasuwa, don ita ce sana'arsa. In ɗan doka ya sa ƙafa ya kifar masa da nama a ƙasa a gaban mutane, ban san abin da zai yi ba. Shi ma bai sani ba.”

Na ce ko zai hana su fitowa ranar Alhamis. Ya ce ya yi tunanin haka, amma in mahauta suka ƙi fitowa don tsoro sau ɗaya, an tashi kasuwar ke nan ba tare da an taɓa kowa ba, shi kuwa ba zai zama wanda ta mutu a hannunsa ba. Na roƙe shi gafarar masinjan. Ya gyara zama. Can ya ce da na zo da ƙafata a wancan lokaci, wataƙila da ya hau tudun, wataƙila kuma da ya hana ni ɓarnar kwano. Ya ce shi ma bai san wanne ba.

Abba, ka san 'yan dokan da za a turo, wasunsu tare kuka yi wasa. Ka san samarin fawa, su suke yi maka gyara in ka sayi tsire. In jini ya zuba ranar Alhamis, wani zai tafi kabari, wani gidan yari, kuma takardar da za a buɗe a ga mafarin abin sunanka ne a ƙasanta. Ni rumfuna na bari a banza, awaki suka samu ɗaki, an yi min dariya na rayu. Abin da kake shirin ɗauka ba irin nawa ba ne.

Na san abin da nake nema a gare ka ba ƙarami ba ne. Za ka tsaya gaban Bature ana jibi za ka tafi, ka ce abin da ka rubuta da hannunka ka sake tunani. Zai yiwu ya ga kamar ba ka da tsayayyen ra'ayi, zai yiwu ya rubuta haka a takardunka. Ban isa in ce maka ba zai yi ba. Ka gaya masa kai tsaye cewa za ka garin da ya taɓa gwada irin wannan, kana roƙon a jira ka gani da idonka ka kawo rahoto. Wannan magana ce da suke ganewa. Kada ka aika kowa, kada ka bar saƙo wurin akawu. Ka je da ƙafarka.

Ga abin da ni zan yi. Ranar Alhamis da sassafe zan sa farar rigata ta aiki, in ɗauki tabarma, in gangara Gindin Ɗinya in zauna a bakin rumfar mahauta. Na gaya wa Sarkin Fawa, ya ce in zo da hula mai kauri don ɗinya tana zuba. In ka je ofis an dakatar, zan sayi nama in kawo wa Innarka, in ci kasuwa kamar kowa, abin da rabona da yi tun kana ƙarami. In kuwa 'yan doka sun zo, ni za su fara tararwa, kuma ba zan tashi da kaina ba. Na tambayi zuciyata ko barazana nake yi maka da wannan, ban samu amsa mai tsabta ba. Wataƙila akwai ta a ciki. Amma ko ka je ko ba ka je ba, can ne wurin zamana a ranar, don ni na jawo.

In Allah Ya kai ka Garin Gada, ka haye gadar, shago na hannun dama kafin titi ya buɗe. In Mista Tomas yana da rai, ka shiga ta ƙofar shagon, ka ce masa kai ɗan baƙon nan ne da ya tashi daga gidansa, ubanka yana gaishe shi da matarsa. Ba sai ka ƙara komai ba, zai gane.

Ka riƙe salla ko da rana ta rikice maka, don a can da sanyi takan faɗi tun kafin ka ankara. Ka rufe ƙirjinka da wuyanka. Allah Ya sa ka a hannun mutanen kirki, Ya kare ka daga sharrin hanya da na zuciya, Ya ba ka ilimi mai amfani, Ya haɗa fuskokinmu da alheri. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe min.

Direban da zai kawo maka wannan takarda zai juyo ranar Talata da yamma. Zan jira shi a bakin hanya, wajen rumfunan. Ko kalma ɗaya ce, ka ba shi.

Wassalam.

Mahaifinka,
Malam Sule